Ƙanƙarar sama, hazo da tauraruwa mai wutsiya: amsoshin wannan mako

Wata malamar firamare daga Azare ta ce ta ji a labarai wai na'urar hangen nesa ta James Webb ta gano "ƙanƙara" a cikin "gajimaren" da ake haifar taurari, shin Malam wannan Hausa ce ko dai shaci-faɗin masu fassara?

Malama, ƙanƙarar dai ba ta da laifi. Kafin firji ya zo ƙasar nan, in Bahaushe ya ce ƙanƙara to wadda ke faɗowa da ruwan sama yake nufi, mai ɓarnar gona. Da firji ya zo muka ara masa kalmar, yanzu ga ta can ana layinta a kasuwar Wunti ta Bauchi da azumi, ba wanda ya ce an ɓata Hausa. To don an sake ara wa sama meye? Abin da na'urar ta nuna a Janairun 2023, a wani yanki na sararin samaniya da ake kira Chamaeleon I, daskararren ruwa ne da daskararrun sinadarai irin su ammoniya da methane da methanol da carbon dioxide, sun lulluɓe ƙwayoyin ƙura kamar yadda farin nan ke kama bangon firiza. Sanyin wurin ya kai wajen digiri 263 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, a irin wannan sanyi har abin da muka sani a matsayin iska daskarewa yake.

Inda nake da magana shi ne gajimare. Haba jama'a! Gajimare na damina ne, ɗan'uwan girgije da hadari, kowa ya ji shi ruwa yake sa rai. Alhali muna da hazo. Ki tsaya a Bauchi da sassafe cikin Disamba ki dubi gabas, rana ta fito amma kina iya ƙura mata ido, ta dushe ta yi jaja-jaja kamar faifai, duwatsun da ke bayan gari sun ɓace ɗungurungum. Ƙura ce ta yi wannan aiki, kuma haka ƙurar can take yi wa hasken taurarin da ke bayanta, ta dusashe shi ta ja shi wajen ja. Shi ya sa ma Webb ke kallo da hasken infrared wanda ido ba ya gani amma yana ratsa ƙura. Hasken tauraro in ya ratso, kowace irin ƙanƙara sai ta shanye nata kaso, da giɓin da ta bari ake gane ta. Na san wani zai ce ai yawancin hazon can iskar gas ce ta haidurojin, ƙurar ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba, na yarda, amma ita ce ke tare gani, kuma Bahaushe da abin da ido ya gani yake raɗa suna. Ni dai hazon taurari nake cewa, wanda ya ga dama ya bi.

Wani ɗalibi daga Pantami, Gombe: Malam a ce gas ko iska? Ka ce iskar gas, ɗana. In ka ce gas kawai direban tirela zai ɗauka man motarsa kake nufi, uwargida kuma tukunyar girkinta.

Daga Misau an tambaya ko Zara matar wata ce ake nufi a "zara ba ta barin dami". A'a. Wannan zarar ta zare zangarniya ɗaya-ɗaya ce har damin ya ƙare.

Sai wani bawan Allah daga Dukku da ke son ma'anar "tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba". Ana faɗa wa mutumin da duk inda ya ɓullo sai fitina ta biyo baya. Ita kanta ba tauraruwa ba ce, dunƙulen ƙanƙara da ƙura ne, ragowar irin hazon can da aka gina rana da duniyarmu da shi, in ta matso kusa da rana sai ta fara tururi, wutsiyar ke nan. Ta Halley ta zo a 1986, ana sa ran dawowarta 2061, Allah ya nuna wa masu rabon gani.