Tambayoyin Masu Karatu: Zabirar Baba, Shagonsa da Tarihinsa

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga gidajen da suka yi rashin uba mai sana'ar aski. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri.

Tambaya: Mahaifinmu wanzami ne, ya fi shekara arba'in yana yi wa mutanen unguwarmu aiki, da askarsa ya ciyar da mu ya aurar da mu. Ya rasu wata biyu da suka wuce. Ina son in rubuta tarihinsa saboda jikoki, amma bai bar takarda ko ɗaya ba, ko shekarar haihuwarsa ba mu sani ba. Ta ina zan fara? (Wata 'yar'uwa daga Zariya)

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya saka miki da alheri. Ki fara da tsofaffi, kuma kada ki jinkirta, domin tarihin mutum irin Baba yana bakin sa'o'insa ne, su kuma kullum raguwa suke yi. Wanda za ki fara gaisarwa shi ne Sarkin Askar garinku ko na yankinku. Wanzamai sun san junansu: shi zai gaya miki a hannun wa Baba ya koyi aiki, ko gadon gida ne ko shiga ya yi, da yaran da suka fita daga hannunsa. Daga nan sai gidajen da yake wanzaminsu. A al'ada kowane babban gida yana da wanzaminsa, shi ke askin suna ran bakwai, shi ke yi wa yara kaciya lokacin sanyi, shi ake kira in maigida yana son ƙaho. Gida uku ko huɗu irin waɗannan za su ba ki abin da 'ya'yansa ba su taɓa ji ba. Mahaifiyarku kuwa ki bar ta sai ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, hankalinta ya kwanta. Labarin cikin gida, yadda ake auna tsaba, yadda ya biya kuɗin makaranta a shekarar da babu, duk a wurinta yake.

Maganar shekara ba ta gagara. Kada ki tambayi dattijo "a wace shekara?", ki tambaye shi "kafin me, bayan me?" An kashe Sardauna a Janairun 1966. An yi canjin hannu a tuƙi a 1972. Naira ta maye gurbin fam a 1973. An kashe Murtala a Fabrairun 1976, a shekarar ce kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. An sake canjin kuɗi a 1984. Idan aminin Baba ya ce, "Lokacin da aka kashe Sardauna an riga an yi mana kaciya amma ba mu fara azumi ba," to kin samu cewa an haife shi wajajen ƙarshen shekarun 1950. Idan aka ce sadakin Mama da fam aka biya, auren ya riga 1973. Ki rubuta "wajajen" a duk inda kika yi kirdado, kada jikoki su ɗauke shi tabbas.

Ki naɗi murya da waya bayan kin nemi izini, ki ajiye wayar kusa da mai magana, a wurin da babu ƙarar janareto ko inji. Zama ɗaya kada ya wuce minti arba'in zuwa awa ɗaya, tsoho yana gajiya, in ya gaji sai ya riƙa maimaitawa. Ki kwafe muryar zuwa wata waya a ranar, ki rubuta sunan mai magana da kwanan wata. Idan al'adar gidan ba ta ba ki damar zama da maza ba, ki rubuta tambayoyin ki ba wa ƙaninki.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne tambaya mai faɗi. In kika ce "wane irin mutum ne Baba?" kowa zai ce mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai zumunci, kuma gaskiya suka faɗa, amma shafi goma na wannan ba zai nuna wa jika kakansa ba. Ki tambayi abin da ido ya gani. A gindin wace bishiya yake zama? Nawa ake ba shi a aski lokacin da ya fara? Wa yake yi wa aski ba ya karɓar ko kwabo? Ranar jajibirin Sallah ƙarfe nawa yake tashi daga aiki? Me yake sayowa in ya dawo daga kasuwa? Ya yake yi da yaro mai kuka a kan aska?

Abu ɗaya kuma da za mu ja kunnenki a kai. Wanzami yana shiga inda wani namiji ba ya shiga, yana ganin cutar da mutum ya ɓoye wa ƙaninsa, yana jin maganar da ake yi in an sunkuyar da kai. Baba ya riƙe wannan har kabari. Idan wani ya kwance miki sirrin wani gida a cikin hira, kada ya shiga takarda.

Tambaya: Zabirar mahaifina tana hannuna. Ba wanda ya gaji sana'ar a cikinmu, amma ba ma son ta lalace. Na ga asake sun fara tsatsa. (Wani ɗan'uwa daga Maraɗi)

Amsa: Da farko ka sani zabirar tana cikin gado, ta dukan magada ce, sai da yardarsu za ta zauna a hannunka. In sun yarda, ka zazzage ta gaba ɗaya a kan tabarma, ka sa safar hannu, domin kayan nan sun taɓa jini, kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin mako guda ko fiye a busasshen jini. Ka ware ƙarfe daban: askar aski, askar kaciya, ƙaramar askar tsaga, almakashi. Ka wanke su da sabulu da buroshi, waɗanda ba su da ƙotar itace ko ta ƙaho ka tafasa su minti ashirin. Masu ƙota ka goge su da sifirit. Asakan maƙeran gida baƙin ƙarfe ne, ɗan danshi kaɗan ya isa ya sa su tsatsa, saboda haka ka tsane su da tsumma nan take, ka shanya a rana. Tsatsar da ta riga ta hau ka ɗiga mata man keken ɗinki, ka bari ya jiƙa, ka goge a hankali da soson ƙarfe mai laushi. Kada ka kai wa mai injin wasa wuƙa, zai cinye bakin da Baba ya shekara yana gyarawa a kan dutsen washi. Bayan haka ka shafa mai siriri, ka naɗe kowace aska a ƙyallenta.

Kada ka mayar da su cikin zabirar. Fata tana shan danshin damina ta riƙe, ita ce ke jawo tsatsar. Ƙahonni kuma ba a tafasa su, zafi yana lanƙwasa ƙaho. Ruwan ɗumi da sabulu ya isa, a busar a inuwa, a shafa ɗan mai don kada hunturu ya tsaga su. Zabirar kanta ka goge ta da busasshen tsumma, ka shafa man kaɗanya kaɗan, ka cusa takarda a ciki don kada ta lotse, ka sa ta a jakar yadi. Leda tana sa fata fumfuna. Ka fito da komai sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, ka duba gara da ƙwari. Kafin ka rufe, ka kai kayan wurin wani tsohon wanzami ya faɗa maka sunan kowanne da aikinsa, ka rubuta ka ɗaura.

Tambaya: Babanmu ya bar shagon aski na haya, da kujeru biyu da kilifofi da janareto. Yayanmu da ke aiki tare da shi ya ce Baba ya sha faɗa masa shagon nasa ne. Mu maza biyu ne, mata uku, da mahaifiyarmu. Iyayen Baba sun rasu tuntuni. (Wata 'yar'uwa daga Gusau)

Amsa: A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Idan Baba ya ci gaba da riƙe makulli, yana karɓar ciniki, yana biyan haya har ciwon ajali ya kama shi, maganar baki ba ta fitar da shagon daga gado ba. Idan kuma nufinsa "bayan raina" ne, ta zama wasiyya, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun amince. Amma duk abin da Yaya ya saya da kuɗinsa, kilifa ce ko madubi, nasa ne, a fitar masa da shi tun farko.

Kafin rabo akwai tsari: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya ga wanda ba magaji ba, iyakarta kashi ɗaya cikin uku, sannan gado. Bashi a shagon aski yana ɓuya a wurare da yawa: mai man fetur, mai gyaran janareto, kuɗin wuta, zubin adashi, haƙƙin yaran shago. A yi sanarwa a masallacin unguwa. A duba kuma ajiyar mutane, domin maƙwabta kan bar kuɗi ko makulli a hannun mai aski saboda amana. Ragowar watannin haya da aka riga aka biya dukiya ce, a lissafa ta.

A yadda kika zayyana, lissafin ya fito daidai a kan takwas, bisa ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i. Mahaifiyarku tana da tumuni, wato kashi ɗaya. Sauran bakwai: kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. A misali, in bayan biyan bashi an yi wa kaya kuɗi naira 800,000, Mama tana da 100,000, kowane namiji 200,000, kowace mace 100,000. Shawararmu kada a wargaza shagon, domin kujera da kilifa in aka kai su kasuwa ɗaya-ɗaya ba sa yin daraja, sunan da Baba ya gina kuma ya tafi a banza. A kira masu aski biyu da ba su da dangantaka da ku su yi wa kaya kuɗi, Yaya ya riƙe shagon, ya biya sauran kasonsu wata-wata, a rubuta a gaban shaidu ko a gaban alƙali. In akwai wanda bai balaga ba, ba mai ikon yafe kasonsa, ko da uwa ce.

Tambaya: Maigidana ya rasu, iyalinsa sun bar mini shago ina kai musu kaso. Amma masu zuwa sun fara cewa kilifa tana cizo, wasu na ƙorafin ƙuraje. A hannunsa ba a taɓa yin haka ba. (Wani yaron shago daga Jos)

Amsa: Allah ya yi maka albarka da ka riƙe gidan maigidanka. Abin da yake yi kafin ka iso da safe ne ba ka gani ba. Kilifa tana da baki biyu, na ƙasa a tsaye, na sama yana kai-komo. In na sama ya zo daidai da na ƙasa ko ya wuce shi, shi ne ke yankar fata. Ka sassauta ƙusoshi biyu da ke riƙe da bakin, ka daidaita yadda na sama zai tsaya a baya da kamar rabin milimita zuwa milimita ɗaya, haƙoran su yi layi ɗaya ba karkace, sannan ka ɗaure. In tana fizgar gashi, ko ta dakushe ko ta bushe: ka share gashi da buroshi, ka ɗiga mai ɗigo uku a kan haƙora tana aiki, ka goge ragowar. In tana ƙara mai yawa tana zafi, ka duba ƙusar da ke gefenta ta daidaita ƙarfi, ka kuma duba abin da aka rubuta a jikinta. Wadda aka yi wa wutar Amurka mai ƙarfin 110 ba ta jure wutarmu mai 230 sai da na'urar rage wuta.

Ƙurajen kuwa daga rashin tsafta ne da kankarewa fiye da kima. Ƙona bakin kilifa da wutar layita na 'yan daƙiƙu ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ake zato, yana kuma kashe kaifin ƙarfen. Ka share gashi tukuna, domin sifirit ba ya ratsa datti, sannan ka jiƙa bakin sosai ka bari ya bushe da kansa. Reza ɗaya kai ɗaya, ka ɓare ta a gaban mai aski, ka jefa ta a gwangwani mai murfi. Yaro mai makero ka ce a zo masa da kilifar gida, ka gaya wa iyayensa makeron kai yana bukatar maganin sha daga asibiti, shafawa kaɗai ba ta kai wa tushen gashi. Mai yawan ƙurajen ƙeya ko haɓa kada ka kankare masa, ka bar ɗan tsawo, ka bi yadda gashin ya kwanta.

Tambaya: Muna son yin sadakar arba'in, amma kuɗin da ke akwai na gado ne. (Wani ɗan'uwa daga Katsina)

Amsa: Malamai sun saɓa a kan taron uku da bakwai da arba'in, ku bi malamin da kuka amince da iliminsa. Abin da ba su saɓa a kansa ba shi ne ba a taɓa kason maraya don dafa wa jama'a abinci. Baligi ya yi daga aljihunsa. Muslim ya ruwaito cewa aikin mutum yana yankewa in ya mutu sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ya kuma ruwaito cewa sada zumunci da aminan uba yana cikin mafi girman biyayya. Ku binciki waɗanda Baba yake yi wa aski kyauta, tsofaffin da yake bi har ɗaka da marayun unguwa, ku yi magana da wani mai aski ya ci gaba da zuwa musu, ko da sau ɗaya a wata ne da jajibirin Sallah, ku riƙa biyansa.