Tsohuwar Debian ta ƙi sauke komai, ina mafita?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina gyaran kwamfuta a Garwa. Wani mai kantin magani ya kawo mini tasa mai tsarin aiki na Debian 9, manhajar lissafinsa kuma ba ta tashi sai da wani tsohon ɓangare na harshen shirya manhaja Python 2.7. Duk abin da na nema, sai apt, manhajar sauke kaya, ya ce 404, wato bai samu ba. An goge su ke nan?

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ba gogewa aka yi ba, ƙaura aka yi da su. Debian 9, wato stretch, ta fito a 2017, tallafinta ya ƙare a 2022, a 2023 kuma aka kwashe kayanta daga sabobin yau da kullum zuwa rumbu. Kwamfutar mai kantin tana ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka tashi.

Buɗe /etc/apt/sources.list, fayil ɗin da apt ke duba adireshin saba a ciki, ka mayar da adireshin ya zama archive.debian.org, ka goge layin stretch-updates. In apt ya yi ƙorafin wa'adi ya wuce, ƙara masa -o Acquire::Check-Valid-Until=false. In kuwa wani zubi takamaimai kake nema, na wata kaza a shekara kaza, snapshot.debian.org yana riƙe da kaya tun 2005. Masu Ubuntu nasu yana old-releases.ubuntu.com.

Na Python ya fi sauƙi, don PyPI, ma'ajiyar ɓangarorin Python, na ajiye tsofaffin zubi: ka ba pip, manhajar da ke sauke su, sunan ɓangaren, alamar = sau biyu, sai lambarsa. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne pip ɗin kansa. Python 2 an daina kula da ita tun 1 ga Janairu 2020, pip 20.3.4 shi ne na ƙarshe da ke tafiya da ita. Kada ka ɗaga shi sama da haka.

Tunda data ba arha take ba, wuta kuma sai a hankali, yi pip download sau ɗaya, ka zuba a filashi tare da fayilolin .deb, wato kayan Debian da apt ya sauke. Wata rana wani zai kawo maka irin wannan kwamfutar daga Marwa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗauko fayil daga shafin da ba a san mai shi ba, ko wanda aka turo a WhatsApp. In dole ta sa, gwada lambar SHA256 ɗinsa, wato lambar tantance fayil, da ta rumbun asali.

Ka kuma gaya wa mai kantin gaskiya: rumbu ba ya gyara raunin tsaro. Ya raba wannan kwamfutar da intanet, ta tsaya kan lissafi kaɗai, har ku samu damar mayar da manhajar kan Python 3.