Mataki na 14 ya zama bango, ina mafita?

Malam, ka ce ka kai matakin albashi na 14 a aikin gwamnati, a layin ma'aikatan zartarwa, babu gurbin gaba, ko albashi zai sake motsi? Zai motsa kaɗan, ƙarin shekara-shekara kawai, shi ma ƙarewa yake yi. Mafita ita ce ka yi digiri, ka nemi sauyi zuwa layin jami'ai, wanda ke kaiwa mataki na 17.

Amma kar ka shiga jami'a a ɓoye. Karɓi takardar izinin karatu daga ofishinku tukuna, ka ajiye kwafi a gida, don fayil kan yi ƙafa. Na ga wanda ya kawo digirinsa aka ce ba a san da tafiyarsa ba, takardar digirin tana nan a durowa har yau.