Hukuncin Shiga Rigar Jarumi a Wasannin Bidiyo na Duniyar Ƙirƙira

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina yin wasan bidiyo irin wanda mutum yake ƙirƙirar jarumi da kansa, ya raɗa masa suna, ya mayar da shi mayaƙi ko maharbi ko matsafi, sannan ya shiga da shi wata duniya mai dodanni da tsafi da allolin ƙarya. Wani lokaci muna haɗuwa da wasu ta intanet, kowa yana magana da bakin jaruminsa kamar shi ne. Wani abokina ya ce wannan shirka ce, hankalina kuma ya tashi. Mene ne hukuncinsa?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, abokinka ya yi gaggawa, domin kalmar shirka tana da nauyin da ba a jefa ta a kan musulmi sai da hujja bayyananniya. Amma tashin hankalinka yana da gurbi, kuma alama ce ta zuciya mai rai, saboda akwai wurare a cikin waɗannan wasanni da ƙafa take zamewa.

Asalin al'adu da wasanni shi ne halacci har sai dalili ya zo da hani, kuma ƙagaggen labari ba ƙarya ba ne matuƙar mai faɗa da mai ji sun san ƙage ne. Malamai sun daɗe suna karantar da Muƙamomin Hariri, wato ƙagaggun labaran adabin Larabci da Hariri ya rubuta, wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, alhali Abu Zaid da Harisu da ke cikinsu mutanen labari ne, marubucin ne yake sanya musu magana a baki. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga wani doki mai fukafukai biyu a cikin kayan wasan Nana A'isha, ya tambaye ta, sai ta ce ashe bai ji cewa Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba? Sai ya yi dariya har ta ga turamen haƙoransa. Wannan hadisi yana da girma a wurina a wannan babi, domin halitta ce da babu irinta a duniya, an sarrafa ta don wasa, kuma Annabi bai kira ta ƙarya ko shirka ba. Saboda haka dodo mai aman wuta da birnin da ke yawo a sama ba su ne matsalar ba, haka nan surorin da suke bayyana a allo su gushe, waɗanda da yawa daga malaman zamani ba su sanya su cikin hukuncin sassaƙa surar mai rai ba.

Wanda zai kafa hujja da hanin da ya zo game da wasan nardu, wato wanda ake yi da jefa ƙwayar dice, a Sahihu Muslim, ko da maganar Imam Malik a Muwaɗɗa cewa babu alheri a wasan shaɗaranji, wato chess, yana da abin riƙo wajen tsoratarwa daga shagala. Sai dai nassin nardu ya zo ne a kan wasa sananne, shaɗaranji kuwa Imam Shafi'i ya tsaya a kan karhanci, don haka ba za a ɗauki waɗannan a haramta kowane wasa da su ba.

Inda hukuncin yake juyawa shi ne rarrabe abin da jarumi ya aikata a cikin labari da abin da kai ka aikata da harshenka da zuciyarka da dukiyarka. Idan ka danna maɓalli jaruminka ya jefa ƙwallon wuta, ba ka yi sihiri ba, domin sihirin da aka ambata a Suratul Baƙara aya ta 102, wanda yake cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, aiki ne na haƙiƙa da ake neman taimakon shaiɗanu a cikinsa, wannan kuwa lissafin na'ura ne da zane. Duk da haka na fi son ka zaɓi mayaƙi ko maharbi idan wasan ya ba ka zaɓi, domin wanda ya shafe watanni yana alfahari da sunan matsafi, ƙyamar abin tana raguwa a ransa ko da bai lura ba. Idan kuma wasan yana koyar da abin da masu sihiri na gaskiya suke yi, kamar haɗa hatimai da kiran sunayen shaiɗanu da duba da taurari, to ya fita daga ƙage ya koma koyarwa, barinsa ya zama wajibi.

Batun allolin ƙarya ya fi wannan tsanani. Wasu wasanni, kamar Skyrim da ya fito a 2011, suna da wuraren bauta da jarumi yake zuwa neman tubarraki don ya sami ƙarfi ko waraka. Wanda ya danna wannan yana ƙinsa a zuciya ba na kafirta shi, domin bai yi sujada ba kuma bai ƙudurce komai ba, amma ina hana shi, saboda bai dace da mai tauhidi ya mayar da surar shirka abin nishaɗi da neman lada a wasa ba. Idan ana iya tsallake wurin, a tsallake, idan kuwa wasan ba ya ci gaba sai da shi, a bar wasan.

Sai magana da bakin jarumi, wadda ita ce zuciyar tambayarka, kuma a nan ne katangar da ke tsakaninka da jarumin take sirancewa. A wasan da kake yi kai kaɗai, wasu ne suka rubuta kalmomin, kai kana kallo kana zaɓa. A wasan haɗaka kuwa, irin wanda ake yi a World of Warcraft tun 2004, kai ne mai ƙirƙirar maganar, kai ne mai rubuta ta ko furta ta. Gaskiya ne malamai sun ce mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, kuma muna karanta maganar Fir'auna a Suratun Nazi'at inda ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, ba tare da laifi ba. Amma hakaitowa ita ce ka ce wane ya ce kaza, don a sani ko a yi raddi. Wanda ya zauna ya tsara addu'a ga gunki da kalmominsa, ko ya rantse da wani abin bauta, ko ya yi izgili da Allah da Manzonsa da ayoyinsa, sannan ya ce jarumina ne ya faɗa, ya kusanci waɗanda Allah ya ba da labarinsu a Suratut Tauba aya ta 65 da 66, waɗanda suka ce hira kawai muke yi da wasa, aka amsa musu da cewa kada su kawo uzuri. Uzurin da Alƙur'ani ya karɓa wajen furta kalmar kafirci shi ne tilastawa, kamar yadda ya zo a Suratun Nahl aya ta 106 game da irin halin da Ammar ɗan Yasir ya shiga, kuma babu wanda ya ɗora maka takobi a wuya kan wasa. Furta irin waɗannan kalmomi da sunan jarumi haramun ne ba tare da shakka ba, kuma izgili da addini yana iya fitar da mutum daga Musulunci. Ka ba jaruminka jarumta da dabara da ko da kurakurai irin na ɗan Adam, amma ka bar bakinsa a tsarkake, domin bakinka ne.

Namiji ya sarrafa surar mace a wasa bai shiga la'anar masu kamanceceniya da mata da ke cikin hadisin Ibn Abbas ba, saboda bai sauya shigarsa ko ɗabi'arsa ba, da sharaɗin surar ba ta tsiraici ba ce. Amma idan ya sa wani ɗan wasa ya gaskata cewa shi mace ce don ya sami kyauta ko kusanci, wannan ha'inci ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. Haka nan kalaman soyayya da batsa tsakanin jarumai biyu, waɗanda bayan kowannensu akwai namiji da mace na gaskiya da ba muharramai ba, ba sa halatta don an sanya musu sunan wasa.

Game da kuɗi, sayen wasan ko wani abu sananne a cikinsa ya halatta idan babu almubazzaranci. Akwatunan sa'a kuwa, waɗanda ake biyan kuɗi a buɗe ba a san abin da zai fito ba, sun haɗa garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙarsa ba, da caca, kuma ayar Ma'ida ta 90 ta hau kansu. Hatta hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ɗauke su a matsayin caca a 2018.

Abin da na fi jin tsoro a kanka, ɗan'uwa, shi ne lokaci, domin an gina waɗannan wasanni ne ta yadda ba sa ƙarewa, kowane mataki yana kiran na gaba, abokan wasa kuma suna jiranka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019. Idan aka kira salla ka ce bari mu gama wannan yaƙin har lokaci ya fita, ko mahaifiyarka ta kira ka ka amsa da gunaguni, ko karatu da neman halal suka fara raguwa, wasan ya zama haramun a kanka ko da babu gunki ko ɗaya a cikinsa. Idan kuma ka riga ka furta wani abu daga kalmomin da muka ambata cikin rashin sani, ka yi istigfari, ka sabunta kalmar shahada, ka goge abin da za ka iya gogewa, kada kuma ka bar waswasi ya riƙe ka a kan abin da ya wuce.

Wallahu a'alam.