Sanfulawar daji ba ta son gata

Yaro na ga saƙonka tun azahar, ina wajen kwasar taki ne shi yasa ban amsa ba. Kace irin sanfulawar da Hajiya ta kawo daga Amurka ka zuba a leda talatin, huɗu kacal suka fito, su ma huɗun sun zabga tsawo sun langaɓe, ɗaya ta fara fure amma ƙanana ne rututu ba babban faifan nan da ka saba gani a hoto ba, shine kake tambaya ko irin bogi aka sayar mata ko kuwa hannunka ne ba kyau. Toh ba ko ɗaya. Irin lafiyarsa ƙalau, kai ma hannunka lafiya, gata ne ya yi mata yawa.

Na duba hoton takardar irin da ka turo min, ta daji ce. Wannan a garinsu ba wanda yake shuka ta ballantana ya bi ta da bokiti, a filayen ciyawa na tsakiyar Amurka take fitowa da kanta, su Kansas da Nebraska da Texas, bakin titi, gefen layin dogo, duk inda aka tone ƙasa aka bari. Mutanen Kansas har sun mai da ita furen jiharsu tun 1903. Waccan mai kai ɗaya ƙato da kake nema jikarta ce, mutanen asalin ƙasar ne suka yi ta zaɓen iri sama da shekara 4000 da suka wuce har suka samu mai kara ɗaya kai ɗaya da ƙwaya manya, daga baya Sifaniyawa suka tsallaka da ita Turai a ƙarni na 16, Rashawa suka mai da ita abin matsar mai, shi yasa yau in ana maganar man sanfulawa Rasha da Yukiren ake fara kira. Ta hannunka kuwa kakar ce da ba a taɓa horar da ita ba, rassa take yi ko ta ina, kowane reshe da furensa kamar tafin hannun yaro, tsakiya ja-ja mai duhu, ganye kaushi kamar harshen saniya. Haka Allah ya yi ta, ko buhun taki zaka juye mata ba zata baka faifai ba.

Maganar rashin fitowa kuma. Can ƙasarsu irin yana zuba ne a ƙarshen kaka, ya kwanta a ƙasa duk tsawon hunturu ƙanƙara na kansa, sai gari ya fara ɗumi sannan ya tsiro. Da ace yana faɗuwa yake tsirowa da sanyi ya gama da shi tun yana jariri, saboda haka barci yake yi, kuma ba duka suke tashi lokaci ɗaya ba, wani sai shekara ta zagayo. Kai kuma ka ɗauko shi daga takarda ka jefa a ƙasar Kaduna mai zafi kana jira nan da kwana biyar kamar irin alayyahu. Huɗun ma da suka fito ai sun yi maka kara.

Dabara biyu na sani. Ta farko ka samu yashi mai ɗan laima, ba jagab ba, wanda in ka dunƙula a hannu zai haɗe amma ruwa ba zai ɗiga ba, ka cuɗa irin a ciki ka ƙulle a leda ka sa a firij wajen da ake ajiye kayan miya, banda firiza, kamar kwana 30. Wato ka yi masa hunturun ƙarya kenan. Matsalar dai ka san halin wutarmu, in za a ɗauke kwana uku firij ya koma akwati toh irin ruɓewa zai yi a cikin laima. Ni ta biyun nake yi, ka jiƙa shi a ruwa ya kwana, da safe ka ɗauki abin yanke farce ka ɗan gutsure bawon. Amma ka kalli ƙwayar da kyau tukunna, tana da gefe mai tsini da gefe mai faɗi, ta mai tsinin saiwa take fitowa, in ka yanke can ka kashe ta, mai faɗin zaka taɓa, ɗan kaɗan yadda ruwa zai samu ƙofa. Ƙwayar ƙarama ce ba kamar wadda ake ci ba, ka zauna a inuwa ka yi a hankali, kar ka yi shi kana kallon waya.

Sai leda. Na san mu masu lambun bakin titi komai a baƙar leda muke renonsa don a nan kuɗin yake, mai mota ya tsaya ya ɗauka ya tafi, amma wannan ba ta son leda ko kaɗan. Saiwa ɗaya take saki doguwa ta miƙe ƙasa kamar turke tana neman ruwa, da ita take jure fari da ita take tsayawa in iska ta taso. A leda saiwar tana taɓa gindi sai ta nannaɗe kamar gammo, kuma in ta nannaɗe shikenan ko ka dasa ba zata warware ba. Yaga leda ɗaya cikin huɗun nan ka gani da idonka. Inda zata zauna nan ake shuka ta kai tsaye, rami zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ƙwaya biyu ko uku, in sun yi ganye huɗu ka cire raunanan ka bar ɗaya, tsakanin wannan da waccan taku ɗaya na babban mutum don tana buɗe rassa sosai. In dole sai an yi reno toh kar ta wuce sati biyu a leda.

Langaɓewar da ka gani laifin abu biyu ne kuma duk na san ka yi su don na san ka. Ka ajiye su ƙarƙashin mangwaro tare da sauran fulawowin da ke tsoron rana, kuma ka haɗa ƙasar da kashin kaji kamar yadda na koya maka a kan rosis. Ita rana take so tsagwaronta, awa 6 ne mafi ƙaranci, in ta samu wuni guda ma ta fi murna, a inuwa miƙewa take ta yi tana leƙen haske har karan ya zama kamar tsinken tsintsiya. Taki mai ƙarfi kuma ganye yake sa ta yi jibgi, jiki ya yi taushi, iskar farko ta hadari ta kwantar da ita. Ƙasar da masara zata raina ita ta ishe ta, jigawa mai ɗan tsakuwa wadda ruwa baya kwanciya. Abin da bata yafewa shine ruwa ya tsaya mata a gindi, fadama ko bakin famfo da kullum yake ɗiga, nan saiwar ke ruɓewa. Sati uku na farko ka dinga ba ta ruwa ƙasa kar ta bushe, bayan nan ka janye hannu, ka ba ta ta ƙoshi sannan ka ƙyale ta sai saman ƙasa ya bushe, kuma a gindi ba a ka ba, ruwa a ganye yana iya jawo mata cutar ganye.

Lokaci kuma ni na fi son in shuka damina ta raba, wajen ƙarshen Yuli zuwa Agusta, yadda zata yi fure ruwa na ɗaukewa, don kan da ya nuna cikin marka ruɓewa yake. Kuma kar ka yi wa Hajiya alkawarin tsawo. Can tana iya kai mita 3, amma can rana tana kai awa 14 zuwa 15 a sama lokacin zafinsu, mu nan bata wuce 12 zuwa 13, waɗanda na taɓa shukawa a gidan wani Bature da na yi wa aiki a Jos da wuri suka yi fure, ko kafaɗata basu kai ba.

Ga wani abu da zai sa a ce ka iya aiki. Tana ƙarama kanta bin rana yake, da safe gabas da yamma yamma, cikin dare ta juyo ta jira fitowar rana. Amma da ta buɗe fure ta daina yawo, manyan kawunan galibi gabas suke tsayawa suna kallo kamar an tada sallah. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun nuna a 2016 cewa furen da ke kallon gabas ya fi saurin ɗumi da safe, ƙudan zuma kuma sun fi zuwa masa. Toh amfanin wannan a wajenka shine ka shuka ta jikin katangar yamma ta gidan, in Hajiya ta fito baranda fuskokin ne zasu tare ta. Ka kai ta katangar gabas wata biyu tana kallon ƙeya, maƙwabci ne zai sha kallo.

Zuman nan kuma ba ado bane. Abin da kake kira fure ɗaya taron ƙananan furanni ne cunkushe a tsakiya, kowanne shi zai zama ƙwaya, kuma ta daji bata ɗaukar ciki da garin furenta na kanta, sai ƙudan zuma ya kwaso na wata ya kawo. In ka shuka ɗaya tilo zata yi kyau amma ka murza irin zaka ji fanko. Shuka kamar goma wuri ɗaya, kuma in ta buɗe ka ajiye famfon feshi, tsutsa ka tsince da hannu ko ka yi mata ruwan ganyen dogonyaro da yamma lis bayan zuma sun koma. Akuya da ɓera su ne abokan gabarka tana ƙarama, in ta girma tsuntsaye. Kar ka matsa ta kusa da kayan miya ko ciyawar kafet, tana shanye ruwa kuma abin da ke gindinta baya sakewa.

Shekara ɗaya take yi, tana gama iri zata bushe ta mutu, kar ka kira ni kana rantsuwa ba kai bane. In bayan kan ya koma rawaya ya fara ruwan ƙasa ka ɗaure kawuna biyar ko shida da yankin tsohon gidan sauro, don ta daji zubar da irinta take tana nuna, sauran kuma ka yanke su tun suna yaushi kar su kai ga iri. Wannan da gaske nake. A Amurkan ma in ta shiga gonar masara ko waken suya ciyawa ce mai ba manomi ciwon kai, jihar Ayowa har ta sa ta a jerin miyagun ciyayi, abin da Kansas ke alfahari da shi. Mu kuma baƙuwa ce a nan, ba mu da hurumin sakinta a daji.

In kana son ganin abin da nake gudu ka dubi mai rawayan nan da ta cika bakin hanya in ka bi kudu ko ka hau Jos, wadda rannan kace min ai ga sanfulawar daji kyauta. Ba ita bace, Tithonia sunanta, daga Meziko da Amurka ta Tsakiya aka yaɗa ta don ado, yanzu ta cinye gefen tituna ba mai iya tsayar da ita. Gane ta ba wuya, ganyenta a tsage yake kamar yatsun hannu uku ko biyar, tsakiyar furen rawaya ne ba duhu, wuyan furen a kumbure yake kuma rami ne a ciki in ka matsa, ga ɗaci, kuma bata mutuwa da rani, ko reshe ka soka a ƙasa kamawa yake. Amfaninta ɗaya da na yarda da shi ganyen taki ne mai kyau, yana saurin ruɓewa, manoma a yammacin Kenya suna sara su binne a gona. Ka sara kafin ta yi iri ka zuba a ramin takinmu, amma kar in ga ka kai ta gidan mutane.

Hajiya kuma ka faɗa mata gaskiya, irin nata mai kyau ne, fure da yawa zata samu ƙanana har tsawon makonni, in kuma faifan take so wannan wani iri ne daban sai a nemo. Sauran irin da ke takardar kar ka ƙara zuba ko ɗaya, jiƙa guda ashirin yau da daddare, gobe bayan asuba ka taho da su da abin yanke farce, zan yi biyar kana kallo ka ƙarasa sauran.