Tambaya da Amsa: Cocin Amurka da Tabon Bauta

Tambaya daga wani ɗalibin makarantar tauhidi a Jos: Na ji a Amurka akwai cocin baƙar fata daban, na farar fata daban. Yaya aka yi masu Littafi ɗaya suka rabu?

Amsa: Malam, rabuwar ta girmi yaƙin basasar ƙasar. A ƙarshen ƙarni na 18, a cocin Methodist na St. George's da ke Filadelfiya, wani dattijon coci ya ɗago Absalom Jones yana durƙushe yana addu'a, wai wurin ba na baƙaƙe ba ne. Shi da Richard Allen da sauran baƙaƙen suka fice. A 1816 aka kafa ɗarikar baƙar fata ta African Methodist Episcopal (AME), Allen ya zama bishop ɗinta na farko. Fararen ma sun dare gida biyu a kan bauta: Methodist a 1844, Baptist a 1845, lokacin da na Kudu suka kafa Southern Baptist Convention a garin Augusta saboda an ƙi tura mai bayi aikin mishan. Iyayengiji na karanto Afisawa 6:5, bayi su yi biyayya, su kuwa bayin sun riƙe Littafin Fitowa da labarin Musa da Fir'auna. Ɗarikar Southern Baptist ɗin nan ce ta turo ɗan mishan Thomas Bowen ƙasar Yarbawa a 1850, don haka Baptist na Najeriya ma da alaƙa da tarihin. Sai a 1995, bayan shekara 150, ɗarikar ta Kudu ta nemi gafara a rubuce kan goyon bayan bauta.

Tambaya daga wata shugabar zumuntar mata a Kafanchan: Ana cewa ba da labari hanya ce ta sulhu a can. A aikace me ake yi? Ko zama kawai ake yi a sha kuka a watse?

Amsa: Mama, inda aikin ya yi kyau, ba da zama ake farawa ba, da takardu ake farawa. Coci kan naɗa ƙaramin kwamiti ya tono littafin baftisma, da rajistar membobi, da wasiyyoyin waɗanda suka gina shi. Wahalar ita ce suna. Ƙidayar 1850 da ta 1860 ba su rubuta sunayen bayi ba, sai shekaru da jinsi da launin fata a ƙarƙashin sunan ubangida. Ta 1870, bayan an soke bauta, ita ce ta fara kawo sunayen 'yantattun bayi. Shi ya sa mai bincike ke farawa daga 1870 ya koma baya, yana gwada sunayen da takardun rabon gado, inda ake samun sunan bawa da farashinsa a jere da dawaki da kayan ɗaki.

Bayan takarda sai wuri. Ƙungiyar Equal Justice Initiative ta lauya Bryan Stevenson, a Montgomery ta jihar Alabama, ta tattara bayanan sama da mutum 4,400 baƙar fata da gungun mutane suka kashe ba tare da shari'a ba tsakanin 1877 da 1950. Mutanen gari, sau da yawa da fastocinsu a gaba, kan je daidai inda aka yi kisan. A karanta abin da ya faru da babbar murya, a yi addu'a, sannan kowa ya ɗebi ƙasar wurin da hannu ko ƙaramin shebur ya zuba a kwalbar gilashi mai ɗauke da sunan mamacin da ranar mutuwarsa. Daga baya a kafa allon tarihi a bakin hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: jikan wanda aka rataye da jikan wanda ya zo kallo suna tsaye gefe da gefe.

Sai a ƙarshe a zo ga zama. Ƙungiyar Coming to the Table, wadda ta soma a 2006 a jami'ar Kiristoci 'yan ɗarikar Mennonite da ke Birjiniya, tana haɗa zuriyar bayi da zuriyar masu bayi a ƙananan da'irori. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, ba katsewa, ba gyara wa wani labarinsa. Dabarar annabi Natan ce a 2 Sama'ila 12: bai tunkari Dawuda da zargi ba, ya ba shi labarin 'yar tunkiyar matalauci, sai da sarki ya yanke hukunci da bakinsa sannan ya ce masa shi ne mutumin.

Inda ake ɓata abin sananne ne. A ɗora wa baƙaƙe nauyin fama tsohon ciwonsu kowane taro, farare su saurara su koma gida ba su faɗi komai game da kakanninsu ba. Ko mai magana ya ɓuge da cewa kakansa yana kyautata wa bayinsa, nan take sauran su ja bakinsu su yi shiru. Wanda ke yin tambaya ma yana da tasiri. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnati ta sa an rubuta labaran tsofaffin bayi sama da 2,300, amma mafi yawan masu tambayar farare ne, tsofaffin kuma suna zaune a Kudu ƙarƙashin dokokin wariya, don haka da yawa suka sassauta magana. Har yau da taka-tsantsan masana ke karanta su.

Tambaya daga wani mai karatu a Maraɗi: Ashe ba an ce iyalan waɗanda aka kashe a cocin Charleston sun yafe ba? Me ya rage bayan gafara?

Amsa: Ran 17 ga Yuni 2015 wani matashi farar fata ya zauna a nazarin Littafi a cocin baƙar fata na Emanuel AME da ke birnin Charleston, sannan ya harbe mutum tara har lahira, har da fasto Clementa Pinckney. Kwana biyu bayan haka wasu daga cikin iyalan suka ce masa a kotu sun yafe. Wasu, ba duka ba, kuma wannan gaɓar ce aka fi mantawa. Gafara mutum ɗaya na iya yin ta shi kaɗai. Sulhu kuwa sai da mutum biyu, kuma a ganinmu sai mai laifi ya taɓa aljihunsa, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da riɓi huɗu a Luka 19.

Dubi limaman Katolika 'yan Jesuit. A 1838 sun sayar da bayi 272 zuwa gonakin Luwiziyana, aka biya bashin kwalejinsu ta Georgetown da wani ɓangare na kuɗin. Da yake takardar cinikin na ɗauke da sunaye, an gano dubban zuriyarsu, da yawa har yanzu Katolika ne. An nemi gafararsu a 2017, a 2021 kuma 'yan Jesuit suka yi alkawarin tara dala miliyan 100 ga wata gidauniya da suka kafa tare da zuriyar, suka fara zuba miliyan 15. Shekara guda bayan haka shugabannin zuriyar suka kai kuka ga babban shugaban Jesuit a Roma cewa tara sauran kuɗin na tafiyar hawainiya.