Tambaya da Amsa: Murjanina ya rufe ya ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Sati biyu kenan da na haɗa ɗan tankin gilashi mai lita 60 na ruwan gishiri, na zuba yashi da duwatsu, na sa murjani uku masu rai (halittar teku mai kama da fure) da kifi biyu, to yanzu murjanin duk sun tsuke sun ƙi buɗewa, ɗaya ma ya fara fari. Kuma kullum in ruwan ya ragu ina haɗa ruwan gishiri in cike shi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, sannu da ƙoƙari. Matsala biyu na gani, bari in fara da wadda ta fi damuna, wato cikon da kake yi. Ka ga in ruwa ya ƙafe ruwan ne kawai yake tashi, gishirin yana nan bai je ko'ina ba, duba bakin gilashin za ka ga wani farin ɓawo ya bushe a jiki, shi ne shaida. To kai kuma kana ƙara wani gishirin a kai kullum, a lita 60 kuwa ai ba a daɗewa ruwa ya yi kauri, shi ya sa ƙaramin tanki ya fi babba wuyar riƙewa, komai cikinsa saurin canzawa yake. Daga yau ciko da ruwa zalla, wanda aka tace da na'urar RO, wato matatar da ke cire gishiri da sinadarai daga ruwa, ba na famfo ba, saboda kulorin da kuma jan ƙarfe da bututu kan saki, shi jan ƙarfen nan kaɗan ma kashe murjani yake. Ka nemi na'urar auna gishiri, ana son ta nuna 1.025 zuwa 1.026, kusan giram 35 kenan a kowace lita. In ka ga ya haura kar ka sauke shi rana ɗaya, a hankali cikin 'yan kwanaki.

Ta biyu ita ce ka yi gaggawa. Sabon tanki sai ya yi sati 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin bakteriya masu amfani su zauna a duwatsun, su ne ke maida amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta zama sinadarin naitirait sannan naitiret mai sauƙin illa. A sati biyu basu gama zama ba. Ka riƙa gwada ruwan, sai amoniya da naitirait sun koma sifili tukuna ka ƙara wani abu mai rai, yanzu dai rage abinci ka canza kamar lita 6 duk sati, shi wannan da ruwan gishiri ake yi.

Shi wanda ya yi fari kar ka yar da shi, wallahi da yawa suna dawowa. Murjani dabba ne, akwai wasu ƙananan tsirrai a cikin namansa da suke haɗa masa abinci da haske, in ya wahala sai ya kore su launinsa ya tafi. Matsar da shi ƙasa inda hasken bai da ƙarfi, fitila awa 8 zuwa 10 ta isa, zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, famfon motsa ruwa kuma kar ya tsaya ko da dare.

Tambaya: Malam gishirin girki zai yi? Ni 'yar koyo ce.

Amsa: A'a 'yar uwa, ba zai yi ba sam. Na tanki haɗi ne na musamman mai kalsiyam da magniziyam, da kalsiyam ɗin murjani mai ƙashi yake gina jikinsa. Tunda farawa za ki yi, ki nemi murjani masu laushi irin mai kama da laima, sun fi haƙuri. In kuma zowantid kika samu, wato irin masu kama da ƙananan furanni, ki sa safar hannu kafin ki taɓa, wasunsu na da dafi mai haɗari, kar hannun ya kai ido ko baki.